Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Sufurin Jiragen Sama Kan Makomar Tsofaffin Jiragen Filin Jirgin Kano

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ku da shugabannin hukumar kula da filayen jiragen sama (FAAN) da hukumar sa ido kan sufurin jiragen sama (NCAA) waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatarku, na rubuto wannan wasiƙa ne a kan wani al'amari da ba kasafai yake samun gurbi a kanun labarai ba, wato makomar jiragen fasinja da suka gama aiki aka jingine su a gefen filayen jiragen samanmu, musamman filin Malam Aminu Kano. Ni tsohon malami ne, na shafe fiye da shekara talatin ina koyar da aikin ƙarfe a makarantar koyon sana'a, saboda haka idona ya saba da gane ƙarfen da ake kula da shi da wanda aka saki wa rana da ruwa.

Duk lokacin da na je rakiya ko tarbar wani a filin, sai hankalina ya koma kan waɗannan jirage. Fentinsu ya koɗe har sunayen da aka rubuta a jikinsu sun fara shafewa, tayoyinsu sun sace sun manne da ƙasa, tagoginsu sun yi duhu saboda ƙurar hunturu da ta shekara tana hawa kansu, wasu an cire musu injuna an bar wayoyi da bututu suna reto a ƙarƙashin fukafukai. Da damina ciyawa takan tsiro ta kewaye su, tsuntsaye su mayar da ramukan jikinsu sheƙa. Ranar da na je da jikana ɗan shekara tara, ya tsaya yana kallon ɗaya daga cikinsu, sannan ya tambaye ni ko jirgin ya mutu ne, kuma in ya mutu me ya sa ba a ɗauke shi ba. Wannan tambaya ce na kawo gabanku.

A cikin irin wannan jirgi, ƙirar Boeing 747 mai ƙusumbi a ka, na raka mahaifiyata aikin Hajji. Mun kwana uku a sansanin alhazai muna jiran a kira jiharmu, da aka kira kuma aka kai mu bakin jirgin cikin dare, sai ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga kai tana duban tsayinsa, ta riƙe hannuna ta ce ba ta taɓa zaton ɗan Adam zai iya ɗaga abu mai wannan girma sama ba. Mahaifinta ya yi tasa tafiyar ne a ƙasa, ta Barno da Abeche da Fashir har Sawakin a bakin Bahar Maliya, yana tsayawa ya yi noma ko ɗinki ya tara guzuri sannan ya ƙara gaba, kuma sai bayan shekaru ya dawo gida, da yawa daga cikin abokan tafiyarsa ma can Sudan suka zauna har yau zuriyarsu na can. Ita kuwa cikin 'yan sa'o'i, tana jan carbi tare da ɗaruruwan maniyyata, aka sanar da mu cewa mun kusa Jidda. Kamfanoni irin su Kabo Air, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, da irin waɗannan manyan jirage suka yi shekaru suna jigilar alhazan Arewa. Babu gari a ƙasar Hausa da ba za a sami wanda ya taɓa zama a kujerun 747 da harami a jikinsa ba.

Ba ina kukan an dakatar da su ba ne. Jirgi yana tsufa, kuma tsufansa yana da lissafi. Duk tashin da ya yi sai an cika cikinsa da iska mai matsi domin fasinja su iya numfashi a can sama, gangar jikinsa ta ɗan buɗe, in ya sauko ta koma yadda take. Duk ɗalibin da na koyar ya san cewa idan ka riƙa lanƙwasa waya kana miƙar da ita, komai ƙwarinta wata rana za ta karye a daidai wurin. Haka ƙananan tsage-tsage ke fara fitowa a bakin ƙusoshin da suka haɗa fallayen jikin jirgi. A watan Afrilun 1988 wani Boeing 737 na kamfanin Aloha, wanda ya yi tashi da sauka kusan sau dubu 90, rufinsa ya yaye yana cikin tafiya a sararin tsibiran Hawaii, ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta, kuma daga nan ne masana'antar ta ɗauki batun tsufan jirage da muhimmancin da ya dace. Mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da hatsarin jirgi ke bari a baya ba. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, mutum fiye da ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, kuma bayan wannan ne gwamnati ta hana irin wannan ƙira ɗaukar fasinja, ta kuma sanya iyakar shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su.

Ban da gajiyar ƙarfe akwai lissafin kuɗi. Jirgi mai inji huɗu yana shan mai fiye da sababbin jirage masu inji biyu waɗanda yanzu suke iya yin tafiyar da a da sai shi, kuma babban garambawul ɗin da ake yi masa bayan wasu shekaru, inda ake kwance kusan komai a duba a mayar, yakan kai matsayin da kuɗinsa ya fi darajar jirgin kansa. Zamanin ƙera 747 ya zo ƙarshe. Ya fara tashi a watan Fabrairun 1969, ya fara ɗaukar fasinja da kamfanin Pan Am a Janairun 1970, an ƙera guda 1,574, na ƙarshe aka miƙa shi a Janairun 2023. Annobar korona ta gaggauta ritayarsa, domin a 2020 kaɗai British Airways da Qantas sun sallami dukan waɗanda suke da su. Saboda haka ritaya ba abin kunya ba ce. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayanta.

A inda aka tsara wannan aiki, jirgin da ya gama zamaninsa ba a yasar da shi. Ana tuƙa shi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa wuri mai busasshiyar iska inda tsatsa ba ta da saurin ci, kamar Mojave da Victorville da Marana a hamadar Amurka, ko Teruel a Sifaniya, ko Alice Springs a Ostireliya. Idan an yanke shawarar wargaza shi, abu na farko shi ne a tsiyaye man da ya rage a tankunansa da sauran ruwayen da ke cikin bututunsa, a fitar da batura da tukwanen iskar shaƙa da na kashe gobara. Sannan injiniyoyi masu lasisi su cire injuna, waɗanda su ne kaso mafi tsoka na darajar tsohon jirgi, su cire ƙafafunsa da na'urorin ɗakin matuƙa da ƙaramin injin da ke cikin wutsiya. Kowane abu da aka cire sai an rubuta lambarsa da awannin da ya yi yana aiki, a gwada shi, a ɗaura masa takardar shaida kafin ya koma kasuwa. Wanda wa'adinsa ya cika kuwa ana lalata shi da gangan, a yanka shi ko a huda shi yadda ba wanda zai iya gyara masa fuska ya sayar. Sai bayan duk wannan ne ake soke rajistar jirgin, a kawo manyan injunan yanka su daddatsa gangar jikin, a ware sanholo daban, tagulla daban, sauran ƙarafa daban. Kamfanin Airbus ya gwada wannan tsari a kan wani tsohon A300 a garin Tarbes na Faransa, ya nuna cewa ana iya sake amfani da kusan kashi 85 cikin ɗari na nauyin jirgi, kuma tun 2006 akwai ƙungiyar AFRA da ke shimfiɗa ƙa'idojin wannan sana'a. Jirgin 747 da babu kowa a cikinsa yana da nauyin tan 170 ko fiye, sassansa sun kai miliyan shida, wayoyin cikinsa kuma idan aka miƙe su sun haura kilomita 270, wato sun wuce nisan Kano zuwa Kaduna. Wannan dukiya ce, kuma kowace damina da ta wuce a kanta tana rage ta.

Mai girma Minista, idan asarar kuɗi ce kawai da ban dame ku ba, domin masu jiragen su ne za su ji a jikinsu. Amma jirgin da aka saki ba tare da kulawa ba barazana ne ga jiragen da ke tashi. Noti ko famfo ko na'urar da aka zare daga jikinsa cikin dare ba ta da tarihi, kuma idan aka wanke ta aka haɗa mata takardar bogi, za ta iya komawa jikin jirgin da ke ɗauke da mutane. A 1989 wani jirgin kamfanin Partnair ya tarwatse a teku kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka mutu, bincike kuma ya gano cewa notukan da ke riƙe da wutsiyarsa na jabu ne. A 2023 ma an bankaɗo wani kamfani a Landan da ke sayar da kayan injin jirgi da takardun ƙarya, har sai da manyan kamfanonin duniya suka sauke injuna suna bincike. Idan haka ta faru a inda sa ido ya fi tsauri, ya kamata mu ɗauki kowane jirgi da ke jibge a filayenmu a matsayin rumbun da dole a san adadin abin da ke cikinsa. Ga kuma tsuntsayen da ke sheƙa a jikinsu a kusa da titin saukar jirage, alhali kowane matuƙi ya san abin da tsuntsu ɗaya ke yi wa inji lokacin tashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na wanda ya san inda tsohon ƙarfe ke ƙarewa a garin nan, shi ne lafiyar talakan da zai taɓa ragowar. Idan aka yi gwanjon gangar jirgi ba tare da sharaɗi ba, hannun 'yan gwangwan za ta faɗa, daga nan wani kaso ya isa wurin masu narka sanholo suna zuba tukwane da ludaya da manyan tukwanen biki. Na sha tsayawa a irin waɗannan maƙeru, na ga yara matasa tsugune a kan ramin wuta ba abin rufe hanci, suna kwashe dattin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe da guntun ƙarfe. Sanholon jirgi ba irin na kwanon gida ba ne. An gauraya shi da tagulla da tutiya domin ya yi ƙarfi, an shafe shi da fenti mai ɗauke da sinadarai masu guba domin hana tsatsa, ƙusoshinsa da yawa kuma an lulluɓe su da wani ƙarfe mai suna kadmiyom wanda ke lalata ƙoda. Jiragen 747 na farko-farko ma an sanya musu dunƙulen yuraniyom da aka rage wa ƙarfi a cikin wutsiya domin daidaita nauyi, abin da ya tayar da hankalin mutanen Amsterdam bayan jirgin El Al ya faɗa unguwarsu a 1992, kuma wajibi ne a duba wannan a jikin duk tsohon jirgi na wancan zamani kafin a kusance shi da wutar yanka. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda iyayensu suna neman abinci da abin da ba a gaya musu yana kisa ba. Bai kamata jirgin da ya kai uwa Makka ya dawo ya zama tukunyar da za ta cutar da jikokinta ba.

Na san cewa cire waɗannan jirage ba abu ne mai sauƙi ba. Wasu kamfanonin sun daɗe da durƙushewa, wasu jiragen akwai bashin banki a kansu ko kuɗin ajiya da suka taru, wasu maganarsu na gaban kotu, kuma hukuma ba za ta yanka dukiyar da ba tata ba. An sha ba da wa'adin kwashe su a baya. Roƙona shi ne a wannan karon a fara da ƙidaya a fili: kowane jirgi da lambar rajistarsa mai farawa da 5N, da sunan mai shi, da shekarar da ya daina tashi, da abin da aka riga aka cire daga jikinsa. Wanda yake da mai shi a ba shi lokaci mai ma'ana, wanda shari'a ta riƙe ma'aikatarku ta nemi kotu ta ba da izinin sayar da shi a ajiye kuɗin har a gama shari'ar, tunda barinsa a rana ba ya amfanar mai ƙara ko wanda ake ƙara. Hukumar NCAA kuma ta fitar da ƙa'ida bayyananniya cewa ba wanda zai wargaza jirgi a Najeriya sai mai lasisi, a wuri mai daɓen siminti da ba zai bar mai ya tsiyaya cikin ƙasa ya isa rijiyoyin unguwannin da ke kewaye ba, tare da jami'in da zai shaida lalata duk kayan da wa'adinsu ya cika. 'Yan gwangwan kada a kore su daga cinikin, domin sana'arsu ce kuma suna rage wa gari datti. A sayar musu da abin da aka tantance, a gaya musu da Hausa wane ƙarfe ne zai tafi masana'anta da wanda ba ya halatta ya shiga tukunyar abinci. Kano tana da fili, tana da watanni masu yawa na rani, tana da makanikai da maƙera, saboda haka wannan aiki zai iya zama sana'a mai ɗorewa a nan maimakon a riƙa kai jiragenmu ƙasashen waje a wargaza.

Sai buƙatata ta ƙarshe, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami tun farko. Ina roƙon a bar guda ɗaya. A zaɓi 747 ɗin da ya fi sauran lafiyar jiki cikin waɗanda suka yi jigilar alhazai, a sasanta da masu shi, a tsabtace shi daga duk abin da ke cutarwa, a ja shi zuwa wurin da jama'a za su iya shiga ba tare da sun ratsa shingen tsaro ba. Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. A Afirka ta Kudu, jirgin 747 mai suna Lebombo, wanda ya ratsa saman filin wasa na Ellis Park ranar wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta duniya a 1995, yana ajiye a filin jirgin Rand kusa da Johannesburg tun 2004, mutane na shiga suna gani. A Gana an mayar da tsohon DC-10 na Ghana Airways gidan cin abinci a kusa da filin jirgin Akra. Mu kuwa kamfanin Nigeria Airways ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003, amma yaron da aka haifa bayan nan ba shi da inda zai je a nuna masa abin da ƙasarsa ta taɓa mallaka. A Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a watan Nuwambar 1925, kuma daga wannan fili ne tafiyar da kakanninmu ke yi cikin shekaru ta koma ta yini guda. Garin da ya adana tarihinsa a Gidan Makama ya cancanci ya adana wannan babin ma.

Amfaninsa ba zai tsaya ga tunawa da baya ba. A shekarun da na yi ina koyarwa, da alli nake zana fiffiken jirgi a allo ina bayanin yadda ake haɗa fallayen ƙarfe da ƙusa, ɗalibai suna gyaɗa kai ba tare da sun taɓa ganin abin da idonsu ba. Da akwai jirgi guda da za a buɗe wani sashe na bangonsa a ga haƙarƙarinsa da wayoyinsa da bututunsa, da darasin wata guda ya shiga cikin awa ɗaya. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke horar da matuƙa da injiniyoyi tun 1964, za su samu abin gwaji, haka ɗaliban jami'o'i da na makarantun kimiyya da fasaha, har ma jami'an kashe gobara na filin jirgi da masu koyon aikin kula da fasinja. Hukumar alhazai ma za ta iya kai maniyyatan ƙauye su ga yadda ake ɗaura bel da yadda ake amfani da bayan gida na jirgi kafin ranar tafiya, abin da ya ba tsofaffi da yawa wahala a jirginmu saboda ba wanda ya taɓa nuna musu.

Lokaci ne kawai ba ya jira, domin ruwan da ke shiga ta ƙofofin da robarsu ta bushe yana taruwa a ƙasan jirgi yana cin ƙarfe daga ciki, kuma akwai matakin da in an kai shi ba sauran abin da za a adana. Ina roƙon ku tura injiniyoyi kafin damina mai zuwa su duba jiragen ɗaya bayan ɗaya, su ware wanda za a bari, a toshe ƙofofinsa da bakin injunansa, a ɗaure shi da ƙasa saboda guguwar farkon damina, sauran kuma a sanya musu ranar da za a fara aikin wargaza su bisa ƙa'ida. Idan aka buɗe shi ga jama'a, ni da wasu abokaina tsofaffin malamai a shirye muke mu riƙa zagayawa da 'yan makaranta a cikinsa ba tare da an biya mu ko kwabo ba.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin aikin ƙarfe,
Kano.